Yadda Kawu Roscoe Ya Nutsar da Ƙwan Galinifa

Shekarar da aka yi fari a garinmu ita ce shekarar da Allah ya hutar da mu daga galinifa, har sai da Kawu Roscoe ya duba ya ga hutun ya yi mana yawa.

Abin ya faro ne daga wayar Inna Verlene, babbar 'yar Kaka Ozella, yayar mahaifiyata. Ta daɗe a Detroit, kuma tun da ta koma can take magana ta hanci kamar wadda mura ta kama ta ƙi saki. Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, muna zaune a baranda ni da Kaka da Kawu, sai ta bugo. Kaka ta ce in buɗe muryar wayar kowa ya ji, don hannunta na cikin kwanon wake.

"Mama," in ji Inna Verlene, "mun yi shawara da 'yan'uwa na nan da na Chicago. Taron dangi na bana shi ne na ƙarshe a gidanki. Daga baɗi sai otal a Atlanta. Ga na'urar sanyaya ɗaki, ga wurin ninƙaya, babu abin da zai ciji mutum. In an gama cin abinci za mu kaɗa ƙuri'a."

Kaka ta daina ɓare wake. Tun kafin a haifi uwata ake taron nan a gindin babbar bishiyar gidanta, kuma kabarin mijinta yana nan bayan lambu, inda yake jin duk gulmar da ake yi.

Ta ce, "Ubanku ma Atlantar za ku kai shi?"

"Haba Mama! Bara kin ga ƙafata. Sai da na koma gida da silifas saboda galinifa."

Sai muka ji wata murya daga gefenta, mai kauri, tana fitowa a hankali kamar ta mai karanta labarai. Sabon mijinta ne, Mista Percival, wanda bai taɓa taka Florida ba.

"Galini me? Wace irin kalma ce wannan? Tsuntsu ne?"

Kawu Roscoe ya fizge wayar daga hannuna. Shi ne autan Kaka, ya haura hamsin, yana zaune a wani ɗaki can bayan gidan Kaka, kuma in zai yi cika baki sai ya fara jan wandonsa sama har ya kusa kai ƙirji, sannan ya yi gyaran murya. Ya ja wandon.

"Suruki, sauro ne, amma ba irin naku na birni mai neman izini ba. Ƙafafunsa zane-zane, ga gashi buzu-buzu. In ya sauka a kafaɗarka sai ka karkace. Ta cikin wando yake cizo, da rana tsaka, yana kallon idonka. Ka san abin da ya sa ake ce masa galinifa? Cizo ɗaya, galan guda na jini."

"Ku mutanen Kudu dai akwai ƙara gishiri," in ji Mista Percival. "Sauro ai sauro ne."

"Ku zo kawai. Yaya Verlene, ki gaya wa kowa, ni Roscoe na ce bana ko ɗaya ba zai ciji kowa ba. Sai mu ga da wane baki za a ambaci Atlanta."

Da aka kashe waya Kaka ta juyo wajensa.

"Roscoe, bana ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Babu galinifa. Ka zauna kawai, kada ka yi komai."

"Mama, ai shiri..."

"Kada ka yi komai. Shi kaɗai nake roƙonka. Abu ne da ka ƙware a kai tun kana yaro."

Da taron matan coci bai faɗo a tsakani ba, da watakila ya ji. Amma dole Kaka ta tafi Tallahassee, ita ce shugabar mawaƙa. Muka kai ta tasha a a-kori-kurar Kawu. A hanyar dawowa rediyo na kunne, wata mata tana bayani a kan sauro, tana cewa, "Ƙwan wannan babban sauro yana iya yin shekaru kwance a busasshiyar ƙasa, yana jiran..."

Kawu ya kashe rediyon.

"Ya isa. Na gane."

"Kawu, ba ta gama ba. Yana jiran me?"

"Yana jiran Roscoe."

Ya saki sitiyari ya ja wando, muka kusa faɗawa rami.

"Dessie, ki yi tunani. Abin da yake son busasshiyar ƙasa, mene ne ajalinsa? Ruwa! Wancan filin da ke bayan gidan Mama cike yake da ƙwansu. Zan nutsar da su tun suna barci."

"Ai bayan ruwa suke fitowa, Kawu. Duk sanda aka yi guguwa..."

"Wannan ruwan sama ne, yarinya. Ruwan sama a hankali yake zuwa, yana shafa musu baya, yana tashin su kamar uwa. Nawa da ƙarfi zai zo."

Ni dai an haife ni da son kallo. Na ƙyale shi.

Injin ban ruwa sai wajen maƙwabcinmu, tsoho Hoyt mai shanu, wanda yake magana haƙoransa a haɗe, kamar ana cajinsa kuɗin kowace kalma. Ya saurari Kawu yana tauna tsinke.

"Me za ka shuka?"

"Ba shuka zan yi ba, kisa zan yi."

"Ka san dai..."

"Na sani."

"Ban faɗa ba tukuna."

"Duk abin da za ka faɗa, Hoyt, na riga na sani."

Tsoho Hoyt ya ba shi injin. Da yamma muka ga ya kora shanunsa zuwa can ƙarshen gonarsa, nesa da mu. Sannan ya ɗauko kujera ya dasa a jikin shinge, ya zauna da kofin shayi mai ƙanƙara.

Washegari Kawu ya jefa bakin injin a rafi, ya ja tiyo zuwa fili, ya ce in kunna in ya ɗaga hannu. Ya ɗaga hannu don ya share gumi. Na kunna.

Tiyon ya miƙe tsaye kamar maciji ya ji wuta. Ya fara da shanyar Kaka, ya wanke ta karo na biyu ya rataye a kan bishiya. Ya juya kan akurkin kaji, kaji suka fito ta rufi. Kawu ya yi tsalle ya rungume shi, tiyon ya ɗauke shi ya zagaya da shi lambun kuɓewa, yana ihu, "Kashe! Dessie, kashe!" Ni kuwa ƙarar inji ta hana ni ji sosai, sai na ga kamar cewa yake in ƙara. Da ƙyar tiyon ya gaji da shi ya ajiye shi a gindin shinge, dab da ƙafar tsoho Hoyt.

Tsohon ya leƙo ya ce, "Da ƙarfi kam ya zo."

Kawu ya tofar da laka. "Gwaji ne. Ko jirgin sama sai an gwada shi."

Ya ɗaure tiyon a jikin kututture, injin ya yi ta aiki har filin ya zama tafki. Daga lambun Kaka zuwa bakin daji ruwa ne kwance iya ƙauri, ciyawa na leƙowa. Kawu ya tsaya a bakinsa hannu a ƙugu kamar shi ya raba Bahar Maliya.

Ba a yi kwanaki ba ruwan ya fara motsi da kansa. Na ɗebo a kwalba na kai masa. Cike take da wasu tsutsotsi masu ƙaton kai, suna ta wutsil-wutsil.

"Kin gani?" in ji Kawu. "Magagin mutuwa ke nan."

Kashegari na sake ɗebowa.

"Kawu, jiya ƙanana ne. Yau sun yi ƙiba."

"Kumburi ne. Gawa takan kumbura a ruwa."

"Wannan gawar ta cinye 'yar'uwarta yanzu ina kallo."

Ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta a rana. A karon farko na ga wandonsa ya ɗan zame bai ja shi ba. Amma Kawu ba ya daɗewa a cikin damuwa. Idonsa ya faɗa kan rumfar da ke bayan gidan Kaka, inda manyan bahuna suke cike da tarwaɗa masu rai. Dattijo Cleotis, ƙanin Kaka, shi ya yi makonni yana kamo su yana tarawa, don taron danginmu ba ya taruwa sai da soyayyen kifi.

"Aron su zan yi," in ji Kawu. "Su shiga su share mini gawarwakin nan, su yi ƙiba, ranar taro in kamo su. Kawu Cleotis ma sai ya gode mini."

Ya yi ta jigilar su a baro yana juyewa a fili. Ruwa iya ƙauri, tarwaɗa kowace kamar cinyar mutum, bayansu duk a waje. Kafin la'asar labari ya kai wa kowane zalɓe da balbela da ke yankin. Suka sauko fari fat kamar an yi biki. Kawu ya shiga ruwan da tsintsiya yana kora, yana yi musu Allah ya isa, in ya kori na gabas na yamma su sauka. Wani zalɓe ya tashi da kifi ya wuce ta saman kansa, kifin ya mare shi da wutsiya a kunne.

"Shi ma gwaji ne?" in ji tsoho Hoyt daga kujerarsa.

"Kai dai ka ji da shanunka!"

"Na ji da su tuni."

Ragowar kifin da tsuntsaye suka bari su suka jawo mana baƙo daga rafi. Da safe na hango wani dogon abu baƙi kwance a tsakiyar ciyawa.

"Kawu, kada ne can."

"Gungume ne."

"Gungumen ya lumshe ido."

"Iska ce."

Tsoho Hoyt ya cire tsinke daga baki. "Jiya gungumen nan yana wancan gefen."

A ranar Kaka ta dawo. Ta tsaya a baranda da jakarta a hannu da hular coci a ka. Ta dubi ruwa, ta dubi zanen gadonta da ke saman bishiya, ta dubi wata kaza da har yanzu ta ƙi saukowa daga rufin ɗaki.

"Roscoe."

"Na'am, Mama. Sannu da hanya. Yaya waƙa?"

"Wa ya kawo mini teku?"

"Ba teku ba ne, Mama, maƙabarta ce. Duk ƙwan galinifa da ke filin nan..."

"Ka zuba musu ruwa."

"Da ƙarfi."

Kaka ta zauna a hankali a kan kujera, ta cire hular ta fara fifita. "Kwashe shi. Yanzu. Mayar da shi inda ka ɗauko."

Ya juya injin don ya zuƙe ruwan. Injin ya zuƙi tarwaɗa guda, ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya mutu.

"Me na ce ka yi kafin in tafi?" in ji Kaka.

"Kin ce kada in yi komai."

"To wannan fa?"

"Wannan ai ba komai ba ne, Mama. Sai kin ga abin da na shirya wa taron ranar Asabar."

Asabar ta zo da rana tarwai, babu ko iska. Na leƙa filin da sassafe, na ga ruwan ya yi tsit, tsutsotsin sun ɓace. Kawu ya ce, "Me na gaya miki?" Sai dai ciyawar ta yi wani irin duhu, kamar ta tsiro da gashi cikin dare, kuma gashin yana ɗan motsi.

Motoci suka fara shigowa, lambar Michigan, lambar Illinois, lambar Georgia. Aka yi ta rungume-rungume, ana ja wa yara kumatu, ana yi wa juna ƙaryar ba a tsufa ba. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa yana raba rigunan anko, don bana shi ya karɓi aikin buga su. Baƙaƙe wuluk.

Inna Verlene ta ɗaga tata da yatsu biyu. "Wa ya mutu?"

"Dabara ce, Yaya. Sauro ba ya ganin baƙi a inuwa."

A ƙirjin rigar akwai hoton marigayi kakanmu kamar kowace shekara, amma Kawu ya sa an ƙara hoton galinifa a gefe, wai alamar nasara. Mai bugawa ya matso da su kusa, sai ga sauron ya kafa baki a kunnen tsohon, shi kuwa yana murmushi.

Mista Percival ya fito daga mota da gajeren wando da farar safa, ƙafafunsa sumul, ko tabo babu. Ya shaƙi iska ya duba sama.

"To, ina tsuntsun naku?"

"Ka makara, suruki. Na gama da su."

Dattijo Cleotis ya iso cikin kwat da falmaran da taye, a wannan zafin, riƙe da ƙaton kaskon suya. Ya nufi rumfa. Ya leƙa bahuna. Ya dawo yana tafiya a hankali.

"Ozella, ina kifina?"

"Tambayi ɗanka."

"Sun fita kiwo, Kawu," in ji Kawu Roscoe, yana ja da baya. "Bari in je in shirya."

Da kaji aka rufa asiri. Aka jera tebura a gindin bishiya, ga soyayyar kaza, ga haƙarƙari, ga burodin masara, ga miyar ganye, ga kankana. Ana cikin jerawa sai ga Kawu ya fito daga ɗakinsa, yara suka watse da kuka. Ya sa hular kwano, ya lulluɓa gidan sauro a kanta ya cusa bakin a wuyan rigar ruwa, ga takalmin roba har gwiwa, ga safar hannu ta masu walda. A bayansa ya goya injin hura busasshen ganye. A gabansa yana tura baro, a kan baron rabin duro cike da ɗanyen ganye yana tuƙuƙin hayaƙi.

"Ku yi addu'arku hankali kwance," in ji shi daga cikin raga. "Ko da akwai ɗaya da ya yi saura, zan kora shi daji."

A danginmu ba a taɓa abinci sai an yi da'ira an riƙe hannun juna, an rufe ido, Dattijo Cleotis ya yi addu'a. Dokar Kaka ce ba mai sakin hannu, ba mai buɗe ido, sai ya ce amin da bakinsa. Shi kuma Dattijo ba ya cewa amin sai ya kira sunan duk mamatan dangi ɗaya bayan ɗaya, tun daga waɗanda aka haifa cikin bauta, kowanne da ɗan tarihinsa. Na samu kaina tsakanin Kaka da Mista Percival. Idona na hagu bai taɓa rufuwa a addu'a ba, haka Allah ya yi shi.

"Ya Ubangiji," Dattijo ya fara, muryarsa na rawa kamar tsohuwar mota a kan tudu, "mun zo gabanka yau..."

Can bakin fili Kawu ya kunna inji ya hura hayaƙi cikin ciyawa.

Ciyawar ta tashi.

Ban san yadda zan faɗa ba sai haka. Duhun nan gaba ɗaya ya ɗaga sama, ya tsaya ya yi shawara. A gefe guda daji ne, babu kowa sai 'yan kurege. A ɗaya gefen ga mutane cike da jini, sanye da baƙi, sun tsaya cak, kuma an riƙe wa kowa hannu biyu.

Ƙararsu ta riga su isowa, wani irin gunji mai zurfi. Dattijo ya ɗauka dangi ne suka fara rera waƙa a maƙogwaro don su tallafa wa addu'arsa, kamar yadda ake yi a coci in abu ya yi daɗi.

"Na'am, ku rera, 'yan'uwa! Ku rera! Muna tuna bawanka Ezekiel, wanda alfadari ya shura..."

Na farko ya sauka a cinyar Mista Percival. Na ga ya gyara tsayuwa, ya ware ƙafafunsa masu zane, ya soka. Mista Percival ya yi tsalle da ƙafa biyu.

"An harbe ni!" ya ce da raɗa.

"Galinifa ne, Baba."

"Ƙarya ne! Wannan allura ce! Wa ya zo da allura?"

Ya buɗe ido ya duba ƙasa. Wasu sun jeru a kan safarsa kamar masu jiran mota. Muryar mai karanta labarai ta gudu, wata 'yar siririya ta fito. "Verlene! Verlene! Gani... gali... abin nan! Abin nan ya zo!"

Sai aka fara ko'ina. "Wayyo Yesu!" daga wannan gefe. "Ya Ubangiji, ka ji ƙaina!" daga wancan. Ba hannun mari, sai ƙafa. Kowa ya shiga buga ƙasa, ana karkaɗa kafaɗa, ana murguɗa ƙugu, ana goga kunci a kafaɗar maƙwabci. Wata 'yar Chicago ta durƙusa tana girgiza kai. Dattijo kuwa, cikin kwat ɗinsa mai kauri da fatarsa irin ta tsohon sirdi, ko a jikinsa. Ya ji ihu da bugun ƙafa, hawaye suka zubo masa.

"Ruhu ya sauko! Shekara da shekaru ina addu'a a gidan nan, yau Ruhu Mai Tsarki ya sauko! Kada ku danne shi, 'yan'uwa!"

"Amin!" in ji Inna Verlene. "Amin, Kawu, amin!"

"Amin, 'yata! Muna tuna baiwarka Lutie..."

Ko zamanin yaƙin duniya bai iso ba a jerin mamatan.

Na ga abin zai kai mu ga shiga jerin mu ma. Na tattaro maƙogwarona na saki muryar Dattijo sak, da rawarta da komai: "Cikin sunan Yesu, amin!" Hannuwa suka fara sassautawa. Kaka ba ta ko buɗe ido ba, galinifa na zaune a goshinta, ta matse mini yatsu har suka yi ƙara.

"Dessie, na san muryar ƙanena. Kowa ya riƙe!"

Kawu ne ya cece mu, ba da niyya ba. Galinifa ɗaya ya samu ƙofa ya shige cikin ragarsa. Na hango shi yana marin hular kwano da hannu biyu, yana juyi, yana ja da baya, har ya shiga ruwa. Santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a kan gungume.

Gungumen ya buɗe baki.

Ban taɓa sanin mai tumbi zai iya gudu a saman ruwa ba. Ya bar takalmi ɗaya a laka, ya bangaje baro, duro ya kife, hayaƙi ya turnuƙe. Ya nufo mu, injin na ta hurawa a bayansa, bututun yana lilo. Iskar ta kwashe farantan takarda suka tashi kamar tantabaru. Ta ɗauke gashin kantin Inna Verlene ta ɗora shi a kan kankana. Kawu ya ratsa da'irar ta tsakiya yana ihu, "Gungume! Gungume ya farka!"

Nan doka ta karye. Dangi kaf suka yi cikin gida, manya na tsallake yara, Mista Percival a gaba, ya bar matarsa. Dattijo kaɗai ya rage a gindin bishiya, hannuwa a miƙe babu kowa a jiki. Ya ƙarasa mamatansa tsaf, ya ce amin, ya buɗe ido, ya waiga. Sannan ya tako a hankali ya shigo yana cewa bai taɓa ganin Ruhu ya kwashi mutane haka ba.

Yana shiga Kaka ta ja ƙofar raga ta sa sakata. Kawu ya iso baranda a makare, don ya zagaya gidan yana neman inda zai cire injin. Sauro sun lulluɓe shi har ba a ganin launin rigar ruwan.

"Mama, buɗe!"

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai!"

"Ban ga alama ba."

Cikin gida ba wurin aje ƙafa. Mutane a falo, a kicin, a kan gadon Kaka, wasu cikin bahon wanka. Ba abin da kake ji sai ƙarar susa. Inna Verlene ta hau kan kujera, kanta a ɗaure da tawul ɗin kicin, ido ɗaya ya kumbura ya rufe.

"Yanzu za a kaɗa ƙuri'ar nan! Ba sai an ci abinci ba! Duk mai son Atlanta ya ɗaga hannu!"

"Dakata," in ji Kaka. Ta tsaya a jikin ƙofa. "Hannuwa na aiki, bar su su yi susa. A gidana da ƙafa ake zaɓe. Mai son Atlanta, ga ƙofa, motarsa na can bayan bishiya, ya kama hanya yanzu, Allah ya kiyaye. Wanda ya tsaya a ciki, nan ya zaɓa."

Ta ɗora yatsa a kan sakata.

Kowa ya dubi ragar ƙofar. Ta yi baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, dogayen bakuna sun leƙo ta ramukan suna lalube.

"Mama, wannan ba adalci ba ne!"

"Fita ki kai ƙara."

"Percival! Tashi mu tafi!"

Muryarsa ta fito daga ƙarƙashin teburin cin abinci. "Verlene, ni wurin nan ya yi mini. Akwai tarihi."

Kaka ta bi ɗaki ɗaki da ido. Ba wanda ya motsa, sai wani ɗan Detroit da ya ƙara matsawa bayan firiji.

"To, baɗi ma nan," in ji ta.

"Ga Roscoe a waje!" in ji Inna Verlene. "Wannan ƙuri'armu ce!"

"Na bar muku shi. Ku tafi da shi Atlanta."

Kawu ya manna fuska a jikin raga. Leɓensa ya yi suntum, kunnuwansa sun cika hular kwano. Duk da haka na ga hannunsa ya lalubo wando ta ƙarƙashin rigar ruwa ya ja shi sama.

"Kun gani ko?" in ji shi, maganar na fita da ƙyar. "Da ban tashe su ba, da yanzu an kaɗa ƙuri'a a waje an kayar da Mama. Tun farko abin da na shirya ke nan. Mama, gaya musu."

Kaka ta dube shi, ta dubi teburan da ke gindin bishiya, inda abinci yake ta hucewa.

"Haka ne, ɗana. Ba wanda zai iya sai kai. Kuma tunda sun riga sun cinye ka, ba abin da ya rage musu a jikinka. Je ka kwaso mana abincin, ka riƙa miƙowa ta tagar kicin. Fara da kaza."

Ya tsaya jim, yana nema ko zagi ne. Bai samu ba. Sai ya gyara hular kwano, ya sauka daga baranda da takalmi ɗaya, ya kutsa cikin duhun nan yana ɗingishi. Da ya dawo rungume da tukunya, muka ji yana ƙwala wa tsoho Hoyt kira, wanda tuni ya koma kallo daga cikin motarsa, gilashi a rufe.

"Hoyt! Ka shaida! Duk dangin nan, ni kaɗai aka zaɓa!"